Robert Noyce: Ɗan fasto da ya ƙirƙiro ƙwaƙwalwar kayan da muke kasawa a kasuwa

A wannan karo filinmu na tarihin mashahuran mutane zai tsallaka teku zuwa Amurka, domin kawo muku tarihin wani mutum da ba kasafai ake jin sunansa a kasuwanninmu ba, alhali da aikin hannunsa da yawanmu muke cin abinci. Duk mai kasa wayar salula, rediyo, kalkuleta ko agogon batir a kasuwar Arzeke ta nan Parakou, ko a Djougou, Nikki, Malanville, Gaya da Kamba, to hajar Robert Noyce yake sayarwa. In aka buɗe cikin kowace ɗaya daga waɗannan na'urori za a tarar da wani ɗan baƙin abu mai ƙananan ƙafafu, wanda masu gyaran waya ke kira aisi, wasu kuma su ce cif. Shi ne ƙwaƙwalwar na'urar, kuma Noyce na ɗaya daga cikin mutum biyu da duniya ta yarda su suka ƙirƙiro shi.

Dalilin zaɓo shi shi ne, a 'yan shekarun nan an fito da wasu gasanni inda matasa ke zana cif su baje zanen a fili, wanda ya yi nasara a ba shi kuɗin guzuri ya je taron masana. In muka bi rayuwar Noyce daki-daki za mu ga cewa shi ma da irin wannan taimako ya tashi: wani ya buɗe masa ƙofar ilimi, wani ya tsaya masa, wani ya ba shi jari.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Robert Norton Noyce a ranar 12 ga Disamba, 1927, a garin Burlington da ke jihar Iowa, jihar manoman masara da masu kiwo a tsakiyar Amurka. Shi ne na uku cikin 'ya'ya maza huɗu. Mahaifinsa Ralph Noyce fasto ne da ake yi wa canjin wurin aiki daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan, mahaifiyarsa Harriet ita ma 'yar fasto ce. Ya taso a shekarun da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe bayan 1929, saboda haka gida ne na ilimi da tarbiyya amma ba na dukiya ba.

A shekarar 1940 iyalin suka koma garin Grinnell, inda akwai wata ƙaramar kwaleji mai sunan garin. A wannan shekara, yana ɗan shekara 12, shi da yayansa Gaylord suka harhaɗa wani ɗan jirgin sama marar inji, suka riƙa hawa kan rufi suna dirowa da shi. Haka kuma ya haɗa rediyo da hannunsa, ya cire injin wata tsohuwar na'urar wanki ya ɗaura wa abin da yara ke sulu da shi a kan ƙanƙara. Wato dai irin yaran nan ne da muke gani a unguwanninmu, masu kwance kowace tsohuwar rediyo su ga abin da ke ciki, waɗanda sau da yawa tsawa kawai suke sha a wurinmu.

Tun yana ajin ƙarshe na sakandare aka ba shi izinin shiga darasin kimiyyar fiziks tare da ɗaliban kwaleji. Malamin da ke koyar da darasin, Grant Gale, shi ne mutumin da ya fi kowa tasiri a farkon rayuwarsa. Noyce ya shiga kwalejin sosai a 1945, yana karanta fiziks da lissafi.

Ɗan alade da ceton malami

A 1948 ƙuruciya ta kusa kai shi ta baro. Ɗalibai sun shirya wata walima, sai shi da abokinsa suka shiga gonar wani manomi da dare suka ɗauke ɗan alade mai nauyin kimanin kilo 11, aka yanka aka gasa. A jihar manoma kamar Iowa satar dabba babban laifi ne, wanda a dokar lokacin kan kai mutum kurkuku na aƙalla shekara guda. Ko da yake sun je sun amsa laifinsu, manomin ya fusata ƙwarai, magana ta kai ga hukumar makaranta.

Grant Gale ne ya shiga tsakani, tare da shugaban kwalejin, aka biya kuɗin dabbar, aka tsayar da hukunci a kan dakatar da shi na zangon karatu ɗaya. Noyce ya tafi birnin New York ya yi aikin lissafi a wani kamfanin inshora mai suna Equitable, sannan ya dawo ya kammala tare da 'yan ajinsu a 1949. Da malamin nan ya naɗe hannu, da mai yiwuwa a nan labarin ya ƙare.

Ilimin da aka buɗe wa jama'a

Ana cikin wannan hali ne wani babban abu ya faru a duniyar kimiyya. A watan Disamba na 1947, masana a cibiyar bincike ta Bell Labs, wato John Bardeen da Walter Brattain a ƙarƙashin jagorancin William Shockley, suka ƙirƙiro taransisto, aka kuma sanar wa duniya a ƙarshen watan Yuni na 1948. Kafin nan rediyo da kwamfuta da wasu kwalabe masu kama da ƙwan fitila suke aiki, masu zafi, masu shan wuta, masu saurin ƙonewa. Taransisto ɗan ƙaramin abu ne da ke yin aikin kwalbar: yana buɗe wa lantarki hanya ko ya rufe, yana kuma ƙara wa sauti ƙarfi.

Aka yi dace Gale abokin karatun Bardeen ne a jami'ar Wisconsin, shugaban Bell Labs na lokacin kuma, Oliver Buckley, tsohon ɗalibin Grinnell ne. Gale ya rubuta wasiƙa yana neman bayani, aka aiko masa da takardu, shi da ɗalibinsa suka duƙufa a kansu. Ta haka ɗan fasto a wani ƙaramin gari ya san sabon ilimi tun kafin manyan jami'o'i da yawa su fara koyar da shi.

Bell Labs ba ta ƙulle ilimin a akwati ba. A watan Afrilu na 1952 ta kira taro ta koya wa kamfanoni yadda ake yin taransisto, kowane kamfani ya biya dala 25,000 kuɗin lasisi. Cikin waɗanda suka sayi lasisin akwai Texas Instruments, daga baya kuma wani ƙaramin kamfanin Japan da ya zama Sony. A 1954 ƙaramar rediyon taransisto ta farko ta shiga kasuwa a Amurka. Asalin rediyon da iyayenmu ke ratayawa a kafaɗa ke nan.

Shi kuwa Noyce, a 1949 ya wuce babbar jami'ar fasaha ta MIT da ke jihar Massachusetts. Tallafin da ya samu da farko bai ishe shi ba, sai da ya nuna ƙwazo sannan aka ƙara masa wanda ya ɗauke masa nauyin karatun. Ya sami digirin digirgir a 1953, a shekarar ya auri Elizabeth Bottomley, ya kuma kama aiki da kamfanin rediyo na Philco a birnin Philadelphia.

Tafiya Kaliforniya

A watan Janairu na 1956 William Shockley da kansa ya buga masa waya. Ya bar Bell Labs ya buɗe nasa kamfani a garin Mountain View na jihar Kaliforniya, yana neman matasa masu kaifin ƙwaƙwalwa. A lokacin yankin gonakin 'ya'yan itatuwa ne. Noyce ya bar aikinsa mai albashi, ya kwashi iyali daga gabashin ƙasar zuwa yammacinta, tafiyar sama da kilomita 4,000.

Sai dai Shockley, duk da cewa a wannan shekara ya karɓi lambar yabo ta Nobel tare da Bardeen da Brattain, bai iya riƙon mutane ba. Mutum ne mai yawan zargi, har ya taɓa neman a gwada ma'aikatansa da na'urar gano maƙaryata saboda wata ma'aikaciya ta ji ciwo a hannu a jikin ƙofa. Yau ya ce a yi wannan aiki, gobe ya ce a bar shi a kama wani. A watan Satumba na 1957 mutum takwas suka ajiye aiki rana ɗaya: Noyce, Gordon Moore, Jean Hoerni, Jay Last, Julius Blank, Victor Grinich, Eugene Kleiner da Sheldon Roberts. Tarihi ya laƙaba musu sunan maciya amana takwas.

Ilimi suke da shi, ba su da jari. Wani matashin dillalin kuɗi na New York mai suna Arthur Rock ya yi ta yawo da maganarsu, kamfanoni wajen 30 suka juya masa baya, kafin wani attajiri mai suna Sherman Fairchild ya amince. Tsarin da suka yi ɗan kasuwarmu zai gane shi nan take, domin ya yi kama da na ubangida da yaransa. Kowannensu ya zuba dala 500, kamfanin attajirin ya ba da rancen dala miliyan 1 da dubu 380, da sharaɗin in harka ta yi kyau yana da damar saye kamfanin a kan dala miliyan 3. Aka sa masa suna Fairchild Semiconductor. Cinikinsu na farko a 1958 da kamfanin IBM ne, taransisto 100 a kan dala 150 kowane ɗaya. A 1959 ubangidan ya saye kamfanin kamar yadda aka yi alkawari, kowannensu ya tashi da kimanin dala 250,000.

Yadda aka haifi cif

Matsalar da ta addabi masu ƙera na'urori a lokacin ita ce haɗi. Ana yin taransisto da yawa a kan faifai ɗaya, a yayyanka su ɗaya-ɗaya, sannan a zaunar da ma'aikata, akasarinsu mata, su riƙa liƙa su da ƙananan wayoyi da dalma. Na'urar da ke buƙatar taransisto dubu goma tana buƙatar liƙi dubu da dubu, in ɗaya ya saki duk na'urar ta tsaya. Duk mai gyaran rediyo ya san wannan wahala.

Mutum biyu suka gano mafita kusan lokaci ɗaya ba tare da sun san juna ba. Na farko shi ne Jack Kilby na kamfanin Texas Instruments, wanda a ranar 12 ga Satumba, 1958 ya nuna cewa za a iya gina duk sassan a kan gutsure ɗaya. Nasa da wani sinadari mai suna jamaniyom ya yi, kuma da siraran wayoyin zinariya ya haɗa sassan da hannu.

A Fairchild kuwa, Jean Hoerni, mutumin Suwizalan, ya yi amfani da sanin cewa in aka gasa silikon, wanda daga yashi ake tace shi, wani siririn rufi mai kama da gilas na fitowa a kansa, kuma in aka bar rufin yana kare abin da ke ƙasa daga datti. A ranar 23 ga Janairu, 1959 Noyce ya rubuta a littafin aikinsa cewa, tunda rufin ba ya wuce da lantarki, ana iya shimfiɗa siraran layukan ƙarfe a kansa su maye gurbin wayoyin, a huda rufin a inda ake son haɗi kawai. Ke nan ba sauran yanka, ba sauran liƙi da hannu. Ya nemi takardar mallakar ƙirƙira a ranar 30 ga Yuli, 1959, aka ba shi a ranar 25 ga Afrilu, 1961. Ayarin da Jay Last ya jagoranta ne ya mayar da tunanin abin da ake riƙewa a hannu a 1960.

Domin mai karatu ya gane, a duba yadda ake buga atamfa. Wahalar tana wajen zana adon da sassaƙa shi. Da zarar an gama wannan, injin zai buga yadi dubu nawa ake so, kuma iya yawan bugu iya sauƙin kuɗin kowane yadi. Haka cif yake. Ana zana hanyoyin lantarkin a babbar takarda, a rage girman zanen da kyamara, a buga shi da haske a kan faifan silikon sau ɗaruruwa, hawa bisa hawa. Daraja tana wurin mai zane. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Kamfanonin biyu sun shafe shekaru suna shari'a a kan wanda ya riga wani. A 1966 suka yi sulhu, kowa ya yarda ɗayan ya yi amfani da fasaharsa, sauran kamfanoni kuma su biya su kuɗin lasisi. A 1969 kotun ɗaukaka ƙara ta ba Noyce gaskiya a kan hanyar haɗa sassan.

Karya farashi

Da farko cif na da tsada ƙwarai, sai sojoji da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ke iya saye. A 1963 shirin Apollo na zuwa duniyar wata shi kaɗai yana kwashe kimanin kashi 60 cikin 100 na cif da ake yi a ƙasar. Kamfanoni masu yin kayan gida kuwa sun ƙi kusantarsa.

A nan Noyce ya nuna cewa shi ɗan kasuwa ne. A 1964 ya yanke shawarar sayar da wasu nau'o'in cif a ƙasa da kuɗin da mutum zai kashe in ya sayi sassan ɗaya-ɗaya, har ma a ƙasa da abin da kamfanin ke kashewa wajen yin su a lokacin. Lissafinsa shi ne, araha za ta jawo masu saye, yawan masu saye zai sa a buga da yawa, yawan bugu kuma zai sauko da kuɗin yi har riba ta fito. Haka kuwa aka yi. Da ma 'yan kasuwa sun san riba kaɗan da ciniki mai yawa ta fi riba mai yawa da kaya a jibge. A 1965 abokinsa Gordon Moore ya yi hasashen cewa yawan sassan da ake cusawa a cif ɗaya zai riƙa ninkawa duk shekara, daga baya a 1975 ya mayar da shi duk shekara biyu.

Har ila yau, a 1963 Fairchild ta buɗe masana'antar harhaɗawa a Hong Kong saboda arahar ƙwadago, sauran kamfanoni suka bi sahu zuwa ƙasashen Asiya. Mutanen can suka fara da aikin hannu, suka koyi sana'ar, har ta kai yau Taiwan da Koriya ta Kudu ne kan gaba wajen buga cif mafi inganci. Wannan na cikin dalilan da suka sa kwantenonin da ake sauke mana a tashar jiragen ruwa ta Kwatano daga gabas suke fitowa.

Kafa Intel

Duk da irin ribar da ɓangarensa ke kawowa, shugabannin uwar kamfanin da ke gabashin Amurka sun tsallake Noyce wajen naɗa babban shugaba, ma'aikata masu hazaƙa kuma suna ta ficewa. A ranar 18 ga Yuli, 1968 shi da Gordon Moore suka kafa kamfanin Intel, Andrew Grove ya bi su tun ranar farko. Arthur Rock ya tara musu dala miliyan 2 da rabi cikin ɗan lokaci. Noyce bai manta da makarantar da ta yafe masa ba: ya buɗe wa kwalejin Grinnell ƙofa ta zuba dala 300,000, jarin da ya haifar mata da dukiya mai yawa daga baya.

A Intel ya kawo salon da ba a saba da shi ba. Babu keɓaɓɓen wurin ajiye mota na manya, babu ƙasaitaccen ofis na shugaba, kuma ana ba ma'aikata damar mallakar hannun jari. Ƙaramin injiniya na iya musu da babba a kan aiki.

A 1969 wani kamfanin kalkuleta na Japan mai suna Busicom ya zo yana son a zana masa cif 12. Wani injiniya mai suna Ted Hoff ya ga cewa gara a yi guda ɗaya da zai iya kowane irin lissafi gwargwadon umarnin da aka ba shi. Noyce ya ce ya ci gaba da gwadawa, duk da cewa ba wannan ne ainihin abin da kamfanin ya sa gaba ba. Federico Faggin ɗan Italiya ne ya jagoranci zanen, tare da Stan Mazor da Masatoshi Shima wanda ya taso daga Japan domin aikin. A watan Nuwamba na 1971 aka fitar da Intel 4004 mai taransisto 2,300. Shi ne kakan ƙwaƙwalwar kwamfuta da ta wayar zamani, wadda a yau ake ƙirga nata taransiston da biliyoyi.

Ƙarshen rayuwarsa

Noyce ɗan Adam ne mai rauninsa. Abokan aikinsa sun san shi da ƙin faɗa wa mutum a'a, saboda haka hukunci mai ɗaci sau da yawa wasu yake bar wa. Aurensa na farko, mai 'ya'ya huɗu, ya mutu a 1974, daga baya ya auri Ann Bowers. Mutum ne mai yawan shan taba, mai son tuƙa jirgin sama da wasannin ganganci.

A 1975 ya miƙa wa Moore ragamar Intel, ya koma mai ba matasa shawara da jari. Cikin masu zuwa gidansa neman shawara har da Steve Jobs na kamfanin Apple. Saboda haka ake masa laƙabi da magajin garin Kwarin Silikon, sunan da aka raɗa wa yankin gonakin nan bayan ya cika da kamfanoni.

A shekarun 1980 kamfanonin Japan suka mamaye kasuwar cif na ajiyar bayanai, har Intel ta fice daga wannan layi a 1985. Gwamnatin Amurka da kamfanoni 14 suka kafa wata ƙungiyar bincike ta haɗin gwiwa mai suna Sematech a 1987, domin abokan gasa su haɗa kai a kan abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A 1988 Noyce ya karɓi shugabancinta a birnin Austin na jihar Texas. A can ciwon zuciya ya yi ajalinsa a ranar 3 ga Yuni, 1990, yana da shekara 62. A shekarar 2000 aka ba Jack Kilby lambar Nobel saboda ƙirƙiro cif. Noyce bai samu ba domin ba a ba mamaci wannan lamba.

Daga Noyce zuwa gasar guzuri

Noyce bai raba fasaharsa kyauta ba, lasisi ya sayar. Amma araha da ya kawo ta share hanyar abin da ya biyo baya. A 1980 malamai biyu, Carver Mead da Lynn Conway, suka wallafa littafin da ya sauƙaƙa ƙa'idojin zana cif har ɗalibin jami'a ya iya. A 1981 aka kafa wani tsari mai suna MOSIS, inda ake tara zanen mutane da yawa a buga su a faifai ɗaya, kowa ya biya kuɗin gurbinsa, daidai da yadda ƙananan 'yan kasuwa ke haɗa kuɗi su cika kwantena ɗaya. Ta haka mai zane ba ya buƙatar mallakar masana'anta.

Duk da haka manhajojin zane na da tsadar gaske, masana'antu kuma na ɓoye ƙa'idojin injinansu sai wanda ya sa hannu a takardar riƙe sirri. A 2020 kamfanin Google da wata masana'antar Amurka mai suna SkyWater suka saki irin waɗannan ƙa'idoji a intanet kyauta, suka kuma ɗauki nauyin buga zanen mutane 40 a kowane zagaye, da sharaɗin mai zanen ya bar shi a buɗe kowa ya gani ya koya. Kamfanin Efabless da ke tattara zanen ya rufe a 2025, amma ƙa'idojin da manhajojin kyauta suna nan, wasu masana'antu ma sun bi sahu, ciki har da cibiyar IHP ta Jamus.

Daga nan ne gasar guzuri ta fito. Akwai babban taron masu zana cif na duniya mai suna ISSCC, wanda aka fara a 1954 a Philadelphia, lokacin da Noyce ke aiki a birnin, daga baya ya koma San Francisco inda ake yin sa a watan Fabrairu. Domin taron 2023, reshen ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE da ke shirya shi ya fito da wata gasa mai suna Code-a-Chip. Mai shiga zai yi zanensa da kayan aikin kyauta, ya baje duk matakan da ya bi yadda wani zai iya maimaitawa, alƙalai su duba, waɗanda suka yi fice a ba su tallafin kuɗin tafiya su je su nuna aikinsu gaban manyan masana. Ilimi na iya isa ko'ina ta waya, amma sanayya da amana sai an haɗu ido da ido, kuma kuɗin jirgi ne ke hana ɗan talaka isa wurin.

Abin da ya shafe mu

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Parakou da Djougou zango ne a kan tsohuwar hanyar Gwanja, inda ayarin fatake daga Kano ke bi ta Nikki da kanwa da baƙaƙen tufafi da fatu, su dawo da goro daga Salaga. A wannan hanya yaro ba ya zama madugu sai wani ya ba shi guzuri da ɗan jari, ya haɗa shi da mai masauki. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, da fataucin goron Gwanja ya fara. Kakanninmu sun san tafiya mabuɗin ilimi ce, sun kuma san ba a yin ta da hannu biyu.

A yau muna da matasa a kowace kasuwa da ke iya cire aisi daga allon waya su mayar da wani da iska mai zafi, ba tare da sun taɓa shiga ajin injiniya ba. Muna da jami'a a Parakou tun 2001. Abin da ake buƙata domin fara koyon zana cif shi ne kwamfuta, wutar lantarki, intanet, Turanci da lissafi mai kyau, sai kuma haƙuri na shekaru. Ba aikin dare ɗaya ba ne, kuma ko an ci gasa akwai fasfo da biza da sauran ɗawainiya da tallafin ba lallai ya ɗauke duka ba. A nan ne attajiranmu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa ke da rawar takawa. Kuɗin da ake kashewa a biki ɗaya na iya saya wa ɗalibai kwamfutoci, ribar mota ɗaya ta kaya na iya cike wa yaro kuɗin tafiya. Ƙungiyar masu sayar da waya a kasuwa guda na iya sa gasa tsakanin yaran da ke gyara, wanda ya yi fice a ɗauki nauyin karatunsa.

Muddin mu masu saye da sayarwa ne kawai, ɗan abin da ya saura bayan kuɗin duwan da na mota shi ne rabonmu, babbar ribar tana wurin mai zane. Grant Gale bai mallaki dukiya ba, wasiƙa ya rubuta kuma ya tsaya wa yaron da ya yi kuskure. Sherman Fairchild bai ƙirƙiro cif ba, jari ya bayar ya kuma ci riba. Kowannenmu na iya zama ɗaya daga cikin biyun ga wani yaro a unguwarsu ko a rumfarsa.

Allah Ya sa wa kasuwanninmu albarka, Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon taimaka musu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.